ZAUREN GOGGO: Na Je Damagaram Binciken Miji, Na Dawo Da Kunya

  Wasiƙunku duk sun iso hannuna, na gode Allah ya bar zumunci, sai dai ku yi mini afuwa wannan watan ba zan amsa ko guda ba, domin yau ni ce na kawo ƙara gabanku, kuma ba kowa na kawo ƙara ba illa kaina.

Yayana da ke Birnin Tsaba yana da 'yarsa ta fari, wadda tun tana goye nake ji da ita kamar tsoka ɗaya a miya. Tana aji 5 na sakandare, yarinya mai kunya ga ƙoƙari. To a wani biki da aka yi a Shinkafi sai wani saurayi ya ganta ya ce yana ciki. Kawunsa ɗan kasuwa ne mai cin kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, shi kuwa yaron malamin makaranta ne a Damagaram ta ƙasar Nijar. Magana ta yi ƙarfi har manyansa suka aiko. Ranar da labari ya iso kunnena ban yi wata-wata ba na kira ta ɗaki na ce, "Ke yanzu duk samarin Ƙaura da Zurmi da Shinkafi sun ƙare ne, ki rasa wanda za ki kwaso mana sai ɗan Nijar? Me za ki je ki ci a can, rairayi?" Yarinyar nan ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan zanenta, can sai ta ce a hankali, "Goggo, kin taɓa zuwa?"

Wallahi 'yan matana sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Ni da nake cika muku kunne kullum cewa kada ku yanke hukunci kan abin da ba ku gani ba, ban taɓa taka ƙasar Nijar ba, alhali daga garinmu zuwa iyaka bai kai nisan Kano ba. Da Yaya ya ji yadda muka yi sai ya yi dariya ya ce, "To madalla, tunda ke ce mai bakin magana, ke za ki je ki gano mana asalinsu da gidansu." Ya haɗa ni da Inna, ƙanwar mahaifiyarmu, da ƙanenmu namiji, muka ɗaura niyya cikin hunturu.

Hanyar da ta fi kusa ita ce ta Zurmi zuwa Gurbin Ɓaure a ɓulla Jibiya, amma kun san halin da muke ciki na ɓarayin daji, Allah ya kawo mana ƙarshensa, don haka sai muka zaga ta Ƙaura da Gusau da Funtuwa muka kwana Katsina. Da muka gifta tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura, wadda Turawan Ingila suka kawo dogo cikinta a 1929 don kwasar gyaɗa da auduga, Inna ta nuna ta da baki ta ce, "Kin ga abin da namu Nasaru sunka bar muna. Bari ki ga na Faransa." Ashe ita tun tana budurwa ta sha zuwa Maraɗi, ni ce dai 'yar boko da ban san komai ba.

Washegari muka bi ta Jibiya da Magama muka isa Ɗan Isa, inda ake duba takardu a ɓangaren Nijar. Nan na fara shan kunya. Wani jandarma ya leƙo mota ya yi wani yare da ban ji ko kalma ɗaya ba, da ya ga na saki baki sai ya juya Hausa tsantsa ya ce, "Hajiya, katinki." Ni kuwa don tsabar wayo na cusa katin ɗan ƙasa da na rigakafi can ƙasan jaka, ƙarƙashin daddawa da kuka da man shanun da muka riƙo tsaraba. Haka na zazzage kayan nan kaf a bakin titi, mutanen mota suna jira, wata tsohuwa tana cewa, "Ku yi mata haƙuri, baƙuwa ce, 'yar Najeriya ce." Kalmar nan ta tsaya mini a rai. Ga mutane masu kamata, masu harshena, masu sallata, amma wai ni ce baƙuwa. Tun da aka haife ni ban taɓa jin yadda baƙo yake ji ba sai ran nan.

Maraɗi gari ne na kasuwa, kuma abin da zai ba ku mamaki sarkinsu Sarkin Katsina ake ce masa, domin zuriyar sarakunan Haɓe na Katsina ne da suka yi arewa bayan jihadi ya ci birninsu a 1807. Tsohon garin a kwari yake, sai da ambaliya ta cinye shi a 1945 aka hau tudu aka yi sabo, shi ya sa titunansa suke a miƙe kamar an ja su da zare. A tasha na tsaya sayen kilishi, mai kilishi ya ce mini, "Dala ɗari." Na dafe ƙirji na ce, "Dalar Amurka ɗari? Naman raƙumin Makka ne?" Inna ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Ke ɗiyag ga kin ba ni! Dala guda tamma biyat ta." Wato su a can ba sa ƙirga sefa ɗai-ɗai, dala suke ƙirgawa, dala 1 sefa 5 ke nan, dala 20 sefa 100, dala 100 sefa 500, sefa 1,000 kuwa ita ce jika. Ku riƙe wannan, wataƙila wata rana ya fisshe ku.

Daga Maraɗi zuwa Damagaram tafiyar kimanin kilomita 240 ce gabas, ta Gazawa da Tasawa da Takeita. Ni da na ce rairayi za a ci, sai ga gonakin gero da wake iya ganinka, ga rumbuna cike a bakin ƙauyuka, ga gawo da kuka da aduwa irin namu. Da muka wuce Tasawa kaɗan sai wani dattijo da ke kusa da ƙanena ya ce, "Nan ne Maijirgi, inda kaburburan azzaluman nan suke." Ya ba mu labarin wasu hafsoshin Faransa biyu, Voulet da Chanoine, da suka ratso ƙasar Hausa a 1899 suna ƙone garuruwa suna kashe mutane, suka yi ɓarna mai yawa a Birnin Ƙonni, suka gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, daga ƙarshe a watan Yuli na shekarar sojojinsu baƙaƙen fata suka juya musu baki suka harbe su a wannan yanki. Mota ta yi tsit. Inna ta ce, "Alhaki kuikuyo ne."

Da la'asar sakaliya muka shiga Damagaram, wadda Turawa suke kira Zinder. Abin da ya fara ɗaukar idona manyan duwatsu ne mulmulallu a tsakiyar gari, gidaje sun kewaye su, awaki na hawa. Yaron da muka zo dominsa ya tarye mu a tasha, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe da Inna, ya ce mini, "Goggo, sannunku da hanya." Na amsa a daƙile ina harararsa ta gefen mayafi. Na ji yara suna ce masa "mushe", ashe haka suke kiran malamin boko, makarantar kuma lakwal. Da dare ƙafar Inna ta kumbura saboda zaman mota, mahaifiyarsa ta ce, "Gobe a kai ta likita ta ga lokotoro." Na ce a raina yau ga Hausa ta zama Larabci. Ashe asibiti ne likita a wurinsu, likitan kuwa shi ne lokotoro. Mu Ingilishi ya shiga bakinmu, su Faransanci, amma tuwon da aka kawo mana da miyar kuka ba shi da maraba da na gidanmu.

Kwana 4 muka yi. Da yake mushen tarihi yake koyarwa, shi ya zaga da mu gari tare da ƙanena, ni kuwa ido ɗaya na kan gine-gine, ɗaya na kansa. Garin kashi uku ne. Akwai Birni, tsohon gari inda fada take da babban masallaci, akwai Zango, unguwar fatake inda ayarin raƙuman Buzaye da Larabawan Turabulus suke sauka a da, sai kuma Sabon Gari a tsakaninsu, inda Turawa suka yi ofisoshinsu. A Birni lunguna ne 'yan matsattsu, gidajen ƙasa masu zanko a kai, an yi wa fuskokinsu zayyana da launi kore da ja da shuɗi, kai ka ce lalle aka zana wa bango. A ƙofar fada ga dogarai cikin ja da kore kamar namu. Muka tsaya daga waje muka yi gaisuwa.

Mushe ya ce sarautar Damagaram ta faro ne a wajen 1730 daga wani malami Babarbare, shi ya sa har yau sarautunsu da yawa na Barno ne. Sarkin da ya fi shahara shi ne Tanimun, wanda ya yi fiye da shekara 30 yana mulki har ya rasu a 1884. Shi ya kewaye birnin da ganuwa, har maƙeransa suna ƙera igwa a cikin gari. Ɗansa Amadu Kuran Daga ya kai yaƙi har ƙasar Kano zamanin Sarki Alu. Shi ne kuma a watan Mayu na 1898 aka kashe wani kyaftin na Faransa mai suna Cazemajou a garinsa. Shekara na zagayowa ragowar rundunar nan ta Maijirgi ta iso, aka kara a Tirmini ƙarshen watan Yuli na 1899, gari ya faɗa hannun Faransa, aka bi sarki aka kashe shi a watan Satumba. Suka gina sansanin soja bisa dutse suka sa masa sunan kyaftin ɗinsu, yanzu kuwa sunan Tanimun yake amsawa. Na ɗaga waya zan ɗauki hoto, mushe ya yi wuf ya ce, "Goggo a'a, ba a ɗaukar wurin soja." Na gode masa, da na jawo mana kwanan caji ofis.

Bai tsaya nan ba. A 1906 Faransawa suka zargi Sarki Amadu ɗan Basa da shirya musu tawaye, suka tuɓe shi suka kai shi Kwadebuwa, gari ya zauna ba sarki har 1923. Amma abin da ya fi ba ni mamaki, ashe Damagaram ce babban birnin Nijar daga 1911 har 1926, kafin a mayar da shi Yamai, saboda ƙarancin ruwa da kuma yadda mutanen garin suka fi karkata ga Kano da ke hannun Ingila. Mahamman Usman ma da aka zaɓa shugaban ƙasa a 1993 ɗan garin ne. Ni da na zo da girman kai wai daga babbar ƙasa nake, sai ga ni a garin da ya riƙe ƙasa guda tun ana kiran Gusau ƙauye.

Ya kai mu maƙabartar Turawa, inda samarin Faransa suke kwance nesa da iyayensu, Inna ta girgiza kai ta ce ko wace uwa ta haife su. Sannan a cikin Birni ya nuna mana gidan da wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka daga ƙarshen Disamba 1852 zuwa ƙarshen Janairu 1853. Ya dube ni ya ce, "Goggo, daga nan Katsina ya nufa, daga Katsina ya bi ta Zurmi da Badarawa zuwa wurin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, kuma ya rubuta garuruwanku a littafinsa." Tare da shi akwai wani yaro Bahaushe ɗan ƙasar Kance mai suna Dorugu, wanda ya bi shi har Ingila a 1855, ya ba da labarin baƙuncinsa da Hausa aka buga, daga baya ya rasu a Kano a 1912. Kun ji, hanyar da na ɗauka baƙuwa ce, ashe ƙafafu sun daɗe da taka ta, tun ba a ja layin da ya raba mu ba.

To amma kada ku manta ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Ranar Alhamis na ce zan je Kasuwar Dole sayen alkaki da takalman fata da turaren wuta, waɗanda garin ya yi suna a kansu, na faki ido na shiga maƙwabta ina bugun ciki. Mai kanti ya ce yaron ba ya cin bashi, limamin unguwa ya gaya wa ƙanena sahun farko yake, wata dattijuwa ta ce shi ke ɗebo mata ruwa in famfo ya ɗauke. Na nemi aibu har na gaji ban samu ba.

A nan maƙwabtan ne na gamu da wata Bakatsiniya da aure ya kawo ta shekara 9 da suka wuce. Da ta ji muryata sai ta rungume ni kamar ta ga 'yar ɗakinsu. Na ce, "Ƙanwata, tsakaninki da Allah, yaya zaman?" Ta ce, "Yaya, miji alhamdu lillahi, dangin miji ma haka. Amma abu biyu ke cina." Na farko, ta bar makaranta a aji 5 aka yi bikinta da alkawarin za ta ci gaba, da ta zo ta tarar karatun da Faransanci ake yi, jarrabawarsu daban, ga ta ba takardar gama sakandare, yau ɗanta ya kawo aikin lakwal ba ta iya duba masa ko layi ɗaya. Na biyu, da aka yi juyin mulki ranar 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka har watan Maris na 2024, a tsakanin nan mahaifiyarta ta kwanta ciwo. Kafin ta sami mai babur da zai ratsa da ita ta daji kwana 3 sun wuce, ta isa Katsina ta tarar an dawo daga maƙabarta. Tana faɗa tana kuka, ni ma ina yi. A nan na gane cewa layin nan, ko da Bature ya ja shi da alƙalami, yau ya zama gaskiya, yana iya shiga tsakanin 'ya da uwarta.

Daren da za mu taho Hajiya mahaifiyar yaron ta kira ni ɗakinta ta ce, "'Yar uwa, in gaya miki gaskiya? Ranar da ɗana ya ce 'yar Najeriya yake so, kwana na yi ban runtsa ba. Na ce masa duk 'yan matan Damagaram sun ƙare ne? An ce mana naku idonsu a tsaye yake, ba su iya zama da uwar miji ba." Na dube ta, ta dube ni, sai muka fashe da dariya har Inna ta farka. Na kwashe abin da na faɗa wa 'yata na gaya mata, rairayin ma ban ɓoye ba. Ta ce, "To kin ci rairayin?" Na ce, "Na ci Hajiya, har da ƙari."

Da muka dawo Birnin Tsaba, kafin in huta na kira yarinyar nan gaban mahaifinta na ce, "Ki yafe mini, na yi miki magana cikin jahilci. Mutanen kirki ne, 'yan asali, gidan mutunci." Fuskarta ta washe. Sai na ce, "Amma ban gama ba." Na gaya wa Yaya labarin Bakatsiniya tiryan-tiryan, na ce shawarata kada a ɗaura sai ta gama sakandare takardarta na hannunta, ta fara koyon Faransanci tun yanzu, a yi mata fasfo nata na kanta da za ta riƙe a akwatinta, kuma a yi magana gaban waliyyai kan zuwa ganin gida da ci gaba da karatu. Ta tashi fuu ta shige ɗaki, kwana 2 ba ta gaishe ni da fara'a ba. Yaya ya aika wa manyan yaron da sharuɗɗan, muka zuba ido, ni kaina gabana na faɗuwa kada in zama na kashe mata aure. Bayan mako 2 amsa ta zo ta hannun kawunsa na Shinkafi. Sun amince, kuma cikin saƙon har da ƙamus na Faransanci da ƙullin alkaki, wai na Goggo ne.

Saboda haka 'yan matana, duk wadda ta sami masoyi daga wata ƙasa ko wani gari mai nisa, kada ta bari a hana ta don raini irin nawa, kada kuma zaƙin soyayya ya sa ta rufe ido ta yi tsalle. A tura manya su je su gani da idonsu, su kwana su tashi, su tambayi maƙwabta, su nemi matan da aure ya kai can kafin ke. In Nijar ce ku sani ta fita daga ƙungiyar ECOWAS a watan Janairu 2025, don haka a tambayi waɗanda suka dawo kwanan nan irin takardun da ake nema kafin a kama hanya. A shekarar ce kuma suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, abin alfahari gare mu duka, amma wannan bai ɗauke wa amarya koyon harshen lakwal ɗin 'ya'yanta ba. Kowace amarya baƙuwa ce ko da maƙwabta aka kai ta, to ina ga wadda za ta tsallake iyaka? Gara ta shiga da guzurinta.

Yanzu ku faɗa mini, na kyauta da na sa aka jinkirta, ko na cika tsanani? Musamman ina son ji daga waɗanda aure ya kai Maraɗi ko Damagaram ko Ƙonni, da 'yan uwanmu na can da aka kawo nan. Ku rubuto, zan buga ko da zagina kuka yi. Wasiƙun da na ajiye kuma suna nan tafe a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. A yi karatu, a bi iyaye, a riƙe mutunci.

Taku har kullum,
Goggonku ta Birnin Tsaba.